Kwamfutarmu a Shagon Kifi

Duk lokacin da na kawo tsohuwar kwamfutar nan gida don in buɗe cikinta in kaɗe mata datti, ƙarnin kifi ne yake fara yi wa mutanen gidan sallama. Matata ta yi iya yinta. Ta goge ta da tsumma, ta fesa mata turare, akwai ranar da ta shanya ta a tsakar gida kamar katifar yara, amma duk a banza. Ni kuwa ba na son ƙarnin ya fita, sai dai ban taɓa gaya mata ba.

Koyarwa nake yi a wata ƙaramar makarantar kwamfuta da ke wani lungu bayan Titin Ibrahim Taiwo. Ɗaki ɗaya ne, da fanka mai kukan tsiya, da kwamfutoci 'yan kwatano da mai makarantar ya tsinto a Kasuwar Sabon Gari tun ina saurayi. Ɗalibaina yawanci manya ne, ma'aikatan ofis da matan aure da 'yan kasuwar da suka gaji da jiran 'ya'yansu su danna musu abu. Akwai ajin yamma, wanda nake ji da shi kamar ɗan fari, inda nake koya musu yadda za su rubuta manhaja da hannunsu.

Yaren da nake koyarwa ba shi ne ake yayi ba. Irin yarukan nan ne da ake gina komai a cikinsu da ƙananan ayyuka. Kowane aiki ka ba shi abu ya ba ka amsa, in ka sake ba shi wannan abin gobe, amsar jiya zai maimaita maka, ba ya taɓa komai a bayan idonka. Ni mutum ne mai saurin fushi, kuma babu abin da ke ba ni haushi kamar a canza magana bayan an gama ta. Da na haɗu da yaren nan sai na ji kamar na tsinci ɗan'uwa.

Shi yaren mutum ne ke jin sa, inji ba ya ji. Sai an sa tafinta a tsakani, wata babbar manhaja mai karanta abin da ka rubuta ta juya shi zuwa abin da inji zai iya aiwatarwa. Ita muke kira kamfaila. Tamu ba ta wani kamfani ba ce. 'Yan sa-kai ne a ƙasashe daban-daban suke kula da ita, kowa bayan ya tashi daga aikin da yake ci da shi. Wannan ya gyara kuskure, wancan ya ƙara mata sauri, wani kuma ya zo da kyakkyawar niyya ya ɓata abin da aka gyara bara. Ban taɓa ganin fuskar yawancinsu ba. A rubuce muke gaisawa, a rubuce muke faɗa.

Ita kamfailar da yarenta aka rubuta ta, don haka sabuwa ba ta samuwa sai tsohuwa ta fassara ta. Kamar kindirmo ne, sai ka ɗiga na jiya a madarar yau sannan ta kama. In aka fitar da sabuwar kamfaila sau ɗaya aka bar wani irin inji a baya, to irin ya yanke ke nan. Dawo da shi aiki ne na wanda ba shi da iyali ba shi da sana'a.

Wata rana sai ga sanarwa daga manyan masu kula da aikin, wai za a daina yi wa tsofaffin injuna irin namu kamfaila. Suka ce babu mai irin injin a cikinsu, babu mai gwadawa, kuma a ganinsu ba wanda ke amfani da shi kuma. Sai dai in wani zai ɗauki nauyi, ya ajiye inji guda a kunne dare da rana, a haɗe da intanet, duk gyaran da aka yi a gwada a kansa. In gwajin ya wuce, alama ta nuna kore a shafin aikin, in ya faɗi ta nuna ja. In kuwa injin ya yi shiru a lokacin fitar da sabuwar kamfaila, an sallame shi.

Maganar nan ta "ba wanda ke amfani da shi" ita ce ta taɓa ni. Na ɗaga kai na kalli ajina, mutum cike da ɗaki, kowa zaune a gaban irin injin da aka ce babu shi. Kafin in yi shawara da kowa, har da kaina, na rubuta musu cewa ni zan ɗauka.

Sai da na aika sannan na tuna da wuta. Mu a Rijiyar Lemo wuta baƙuwa ce, ba ta faɗin ranar zuwa, ba ta sallama in za ta tafi. Shi kuma tsohon injin a hankali yake tafiya, kafin ya fassara kamfailar ya gwada ta sai ya wuni ya kwana, wani lokacin ya sake wuni. In wuta ta ɗauke a tsakiya sai a koma farko. Na gwada da ƙaramin janaretan gida, ya yi ta tari har maƙwabci ya aiko a ji ko lafiya. A makaranta kuwa da an tashi ake kashe komai. Mako ya zagayo alamata ba kore ba ja, toka-toka kawai, irin ta wanda ya yi alkawari ya ɓace.

Mahaifiyata, Inna, ita ta warware matsalar. Iyayenta daga Barno suka zo tun kafin a haife ta, kuma sana'ar gidansu ta riƙe, turaren wuta da humra. Duk inda ta zauna sai ta sa an kawo mata garwashi a kasko. Ko dubiya ta je asibiti sai an roƙe ta ta haƙura. Ta gan ni ina zagaye tsakar gida ina tsaki, ta ce, "Wai kai me aka yi maka kake ta huci kamar kububuwa?"

Na zauna na yi mata bayani tiryan-tiryan, har da tafinta, har da kindirmo. Ta saurare ni har na gama.

"Wato wuri kake nema inda wuta ba ta ɗaukewa. To ai da sai ka faɗa tun farko, ka bar ni da wani kindirmo. Miƙo mini mayafina."

Sabon Gari ta kai ni, wajen wata ƙawarta mai sayar da daskararren kifi da kaji. Mutanen layin Madam suke ce mata, ni kuwa Mama nake kiran ta. Iyayenta daga kudu maso gabas suka zo, amma ita a Sabon Gari aka yanke mata cibiya, kuma Hausarta ta fi ta wasu kawunnaina fita. Shekara da shekaru Inna na sayen kifi a wajenta, ita kuma tana sayen humra. Shagon a ƙasan bene yake, ita tana zaune a sama. Ga firizoji a jere, ga sola a kan rufi da baturanta, ga janareta a baya saboda ko-ta-kwana. Mai kifi ba ta jiran a kawo wuta.

Madam ta kalli injin da na rungumo. "Wannan ne? Ni na zaci wani babban abu ne. Yana zafi?"

"Kaɗan, Mama."

"Yana tartsatsi?"

"Ko kaɗan."

Ba ta yarda da bakina ba. Ta bi wayar da yatsu tun daga kai har gindi, ta murza ta, ta kai hanci ta shinshina. Sannan ta nuna wani katako da ke saman babbar firiza. "Ɗora shi can. Amma wayata za ka sa masa, ba wannan taka ba."

Kafin mako ya ƙare alamata ta zama kore. Abokan aikin suka tambaye ni inda injin yake, na ce a saman kifi. Wani ya rubuto cewa duk cikin injunan aikin babu wanda ya fi shi samun sanyi. Ita ma Madam ta shiga cikin harkar. In na leƙo sai ta ce, "Malam, yau kore ne ko ja?" In na ce ja ne, sai ta ajiye wuƙa. "Wa ya ɓata?" In ce wani ne a ƙasar waje. "To ka gaya masa ya riƙa hankali, ba shi kaɗai ne a duniya ba." Da farko har zani take lulluɓa masa don kar ruwa ya fallatsa, sai da na roƙe ta ta bar masa wurin shan iska.

Madam tana da al'ada guda da ba ta saɓawa. Da Kirsimeti ta gabato sai ta sayar da kayan shagon kaf, ta wanke firizojin ta bar su a buɗe, ta kashe babban makunni, ta cire wayoyin batura, ta kulle gida ta tafi garinsu sai bayan sabuwar shekara. Injin ma sai ya huta. Wannan bai taɓa damun kowa ba, domin a tsakiyar shekara muka saba fitar da sabuwar kamfaila.

Sai wata shekara gyare-gyare suka ja mu, lokaci ya yi ta zamewa, a ƙarshe aka tsayar da cewa a ƙarshen Disamba za a fitar. Su a wajensu lokacin hutu ne, kowa na da sarari. Ni a wajena lokacin da Sabon Gari take zama fayau ne. Na rubuta na roƙi a ɗaga. Suka ba ni haƙuri cikin ladabi, suka ce mutane da yawa na jira, ƙa'ida kuma ƙa'ida ce. Na shiga neman wani wuri. Wani manajan otal a Titin Ibrahim Taiwo ya saurare ni da kyau, da na ce injin zai kwana yana magana da ƙasashen waje sai ya tuna yana da taro. Sauran wuraren duk da dare ake kashewa.

Na je wajen Madam na tarar da ita rabin jikinta a cikin firiza tana dirza. Na gaishe ta, na yi 'yan kame-kame, sannan na ce ko za ta bar sola a kunne, da soket ɗaya tak, domin in irin kamfailar ya yanke ba ya dawowa.

Ta miƙe ta matse soson da ke hannunta. "Malam, duk abin da ka roƙe ni zan yi maka. Amma ba na barin wuta a kunne a gidan da ba na ciki."

"Mama, soket ɗaya ne fa."

"Soket ɗaya ya isa," in ji ta, ta koma cikin firizarta.

Na dawo gida raina a ɓace. Na zazzage wa Inna komai, ina ɗaga yatsa ɗaya sama ina cewa soket ɗaya, soket ɗaya kawai, saboda shi ajin mutane zai rushe. Ta bar ni na gaji don kaina, tana ta juya garwashi da cokali.

"Ka san shagonta na farko a cikin kasuwa yake?"

Na ce na sani, na kuma san gobara ce ta cinye shi, wannan kowa ya sani.

"Mijinta fa?"

"Na san ya rasu tun ina yaro."

"Ranar suna coci. Waya ɗaya aka bari a kunne. Da labari ya iske su ya ruga ya shiga fitar da kaya. Da ƙafarsa ya fito, amma hayaƙin da ya shaƙa bai bar shi ya ga wani watan ba. Da ni aka yi zaman makoki. Kana tsammanin don son hawa bene ta koma saman shago? Don hancinta ya kasance kusa ne." Ta rufe kaskon. "Gobe ka je ka ɗauko abinka, ka yi mata godiya. Kar in ji ka sake buɗe baki a kan soket."

Na fara shirya abin da zan gaya wa 'yan aji, cewa za mu ci gaba da tsohuwar kamfaila har ranar da ta daina amfani, daga nan kuma sai abin da Allah ya yi.

Da safe na hau adaidaita na nufi Sabon Gari. Layin cike yake da jakunkunan bakko da buhunan wake da albasa, kowa na ɗaure kayan tafiya. Madam ta riga ta shirya, 'yarta na tsaye a waje tana gadin akwatuna. Na gaishe ta, na yi mata godiyar shekarun da ta riƙe mini injin, na jawo kujera zan hau in cire waya.

"Bar shi," in ji ta.

Na juyo. Makullai ne a hannunta, ɗaure da wani ƙyalle.

"Na kashe komai sai layin wuta ɗaya. Kullum da safe ka zo. Kar ka fara duba wannan abin naka. Ka tsaya a bakin ƙofa ka shinshina, ka taɓa bango wajen da waya ta bi, sai ka kira ni. Da yamma ma haka."

"Mama, ba sai kin yi haka ba. Inna ta gaya mini."

"Na san za ta gaya maka, bakinta ba ya riƙe magana. Karɓi kafin in canza ra'ayi." Ta danƙa mini su a tafin hannu ta rufe da nata. "Kai ka ce in irin ya yanke ba ya dawowa. Na san yadda abin yake."

Na ɗauki babban akwatinta na kai mata har inda motar take.

Haka muka shiga. Da safe in buɗe ƙofa, in tsaya in ja numfashi, in shafa bango, in kira ta. Wayar ba ta taɓa yin ƙara biyu ba kafin ta ɗauka. Wani lokacin ina jin yara na guje-guje a bayanta, wani lokacin daka ake yi, akwai ranar da na ji waƙar coci na tashi, ita kuma tana magana ƙasa-ƙasa.

"Mama, babu ƙauri."

"Bango fa?"

"Sanyi ƙalau."

Sai in ji ta sauke numfashi. Sannan ta ce, "Kore ko ja?"

Tun a ranar farko Inna ta tsare ni da tambaya. "Tsakanin safe da yamma wa ke zama a wurin?" Na ce ba kowa, ai ina makaranta. Ta kalle ni kamar na faɗi saɓo. "An ba ka amana ka kulle ta ita kaɗai ka tafi?" Washegari ina fitowa na tarar da ita a zaure da darduma da carbi da filas ɗin shayi. Daga ranar kullum tare muke tafiya. Ta shimfiɗa dardumarta a wani lungu tsakanin firizoji biyu, ta zauna a shagon da babu kowa sai gurnanin tsohon inji, har in taso daga aiki.

Kaskon a gida ta bar shi. Tunda nake ban taɓa ganin Inna ta wuni a wurin da babu hayaƙin turare ba. Ta yi ta mitar ƙarni, wai har cikin shayinta take jin kifi. Na tsokane ta na ce ko in samo mata garwashi wajen mai shayin layin. Ta harare ni. "A gidan matar nan? Ko ashana ba za ta shigo ba. Kuma kar ka gaya mata ina zuwa, ta fara jin nauyi tana can cikin danginta."

Ana tsakiyar haka alamar ta koma ja, kuma ja na gaske. Wani ya yi gyara don ƙara sauri, ya ɗauka kowace lamba za ta shiga ma'ajin da sababbin injuna ke da shi. A namu ma'ajin ya fi ƙanƙanta, sai lambar ta cika ta zube, kamfailar ta riƙa ba da amsar da ba daidai ba, kuma ba ta ce uffan ba. Duk sauran injunan aikin kore suke nunawa. Na fara rubuta wa mai gyaran saƙo mai zafi, na tuna inda nake zaune, na goge na rubuta mai sanyi. Shi da wata mata cikin masu kula da aikin suka taya ni muka gano wurin, muka gyara, aka sake tayar da gwajin daga farko.

Da na gaya wa Madam ja ne, ta ce, "Wa ya ɓata?" Na ce ai har ya ba da haƙuri. Ta yi dariya, karo na farko tun da ta tafi.

Bayan sabuwar shekara kaɗan alamar ta koma kore, aka fitar da sabuwar kamfaila har da ta injunanmu a ciki. Na ɗora ta a kwamfutocin aji ɗaya bayan ɗaya. 'Yan ajin ba su ga wani bambanci ba, suka zauna suka ci gaba daga inda muka tsaya, abin da nake so ke nan. An rubuta godiya ga mai kula da tsofaffin injuna, wato ni. Na karanta na ji kunya, domin ni shinshinawa kawai na yi. Waɗanda suka riƙe aikin, ɗaya tana can tana biki da waya a hannu da zuciya a Kano, ɗaya kuma ta wuni cikin ƙarni ba turare. Har gobe ina gode musu, kuma ban san da me zan saka ba.

Ranar da Madam ta dawo ni kaɗai na je na jira ta, Inna ta naɗe dardumarta tun jiya ta ce aikinta ya ƙare. Na buɗe mata ƙofa na matsa gefe. Ta tsaya a bakin shagon ta rufe ido ta ja numfashi. Ta daɗe a haka har na tsargu.

"Babu ƙauri, Mama, wallahi."

Ta ɗaga mini hannu in yi shiru. Ta shiga a hankali tana bin hancinta, ta wuce injin ba ta ko kalle shi ba, ta tsaya a lungun nan na tsakanin firizoji biyu. Ni ban ji komai ba sai kifi. Ita kuwa shekara da shekaru tana sayen humrar Inna, ƙamshinta ba ya ɓace mata.

"Innarka ta zauna a nan."

Na gyaɗa kai.

"Kullum?"

"Kullum, Mama."

Ta dubi ƙasa, ta dubi rufi, inda hayaƙi zai bar alama in an yi shi. "Ba ta kunna turare ba."

"Ko sau ɗaya."

Ta zauna a kan wani kwandon roba ta rufe fuska da gefen ɗankwalinta. Ni kuma na tsaya da makullai a hannu na rasa inda zan sa idona. Da ta natsu ta share fuska, na miƙa mata su. Ta ture hannuna.

"Riƙe. Ai Disamba za ta sake zagayowa. Je ka kunna mini firiza, kifi na hanya."